Sa'ar Rahu Da Masu Cinikin Tsoro

Wata ranar Litinin, takwas saura kwata na safe, na tsaya a ƙofar wani gida a birnin Chennai na kudancin Indiya, jakunkuna biyu a ƙasa, yayana yana cikin mota da ɗinkin tiyata a cikinsa. Kuɗin masaukin baƙi ya fi ƙarfinmu, shi ya sa muka kama ɗaki kusa da asibiti. Mai gidan dattijo ne, tsohon ma'aikacin banki, mai fara'a da karamci. Ya fito da kujeru, ya kawo kofi mai madara, har ya shimfiɗa wa yayana tabarma a barandarsa. Amma makulli, ya ce, sai tara ta buga. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya nuna mini wata 'yar kalanda a bango, irin wadda ake yage mata shafi kullum, ya ce yanzu Rahu Kalam ne, ba a shiga sabon gida, ba a karɓar kuɗin haya. Awa ɗaya da kwata mara lafiya yana kwance a waje, ga ɗaki a share, ga makulli a aljihun mai shi.

Da na dawo Kumasi na ba da labarin a majalisarmu, aka bushe da dariya. Wani ya ce ai mutanen da suke bauta wa saniya ba abin da ba za su yi ba. Dariyar nan ta fi jiran da na yi a baranda ɓata mini rai, domin dariya ce ta wanda bai san abin da yake yi wa dariya ba. Ina da faɗa da wannan kalanda, faɗa mai tsanani, amma ba irin nasu ba ne. Littafin da dattijon ya nuna mini abu biyu ne aka ɗinke wuri ɗaya: ilimin lissafin sama wanda ya cancanci a tuɓe masa hula, da kuma hukunci a kan sa'o'i wanda ba shi da tushe ko a cikin lissafin nasu. Wanda ya raina na farko jahili ne. Wanda ya sayar da na biyu ɗan kasuwa ne, hajarsa kuwa tsoro.

Sunan littafin fancang, ma'anarsa gaɓoɓi biyar. Gaɓa ta farko ranar mako ce. Ta biyu ita ce tithi (ba titin mota ba), wato lokacin da wata yake ɗauka kafin ya ƙara nisa da rana da digiri 12. Talatin ne a wata guda, kuma ba su da tsawo ɗaya, domin gudun wata a falakinsa ba ɗaya ba ne: wata tithi ba ta cika awa 20 ba, wata kuwa ta haura awa 26. Saboda haka tithi tana iya shiga da tsakar rana ta fita da hantsin gobe, wata ma ta shiga ta fita ba tare da rana ta fito a cikinta ba, sai a tsallake ta a ƙidaya. Ta uku nakshatara, masaukan wata 27, kowane digiri 13 da sulusi. Ta huɗu yoga, wadda ake samu idan an haɗa matsayin rana da na wata. Ta biyar karana, rabin tithi. Sannan don kada watannin wata su zame wa damina da rani, kusan duk bayan wata 32 da rabi sai su ƙara wata guda a shekara.

Ya kai mai dariya, zauna ka lissafa mana tithin jibi da alƙalami da takarda mu gani. Mutanen nan sun fi shekara 1,500 suna yi. A shekara ta 499 Aryabhata ya rubuta littafinsa, ya bayyana cewa husufin wata inuwar ƙasa ce take faɗa masa, husufin rana kuma wata ne yake shiga tsakani. A zamanin Halifa Mansur aka kai littafin taurarin Indiya Bagadaza aka mayar da shi Larabci, shi ne wanda malamai suka sani da Sindhind. Biruni ya koyi harshen Sanskrit don ya karanta lissafinsu daga tushe, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekara ta 1030, ya yaba inda ya ga daidai, ya soki inda ya ga wasa da hankali. Lambobin da muke rubuta kuɗin goro da su ma daga can suka taso. Idan kuma ka taɓa jin tsoho yana ƙirga taurarin damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha, kowane kwana 13, to ka ji ɗan'uwan nakshatara: namu da muka karɓa daga Larabawa 28 ne, nasu 27. Taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, Larabawa su ce Surayya, su a can Kirittika suke ce musu. Sama ɗaya muke kallo.

Iyakar yabo ke nan. Yanzu ga Rahu.

A tatsuniyarsu, Rahu wani dodo ne da ya saci kurɓin ruwan dawwama a cikin alloli. Rana da wata suka tona shi, aka fille masa kai, amma ruwan ya riga ya taɓa maƙogwaro, sai kan ya rayu da sunan Rahu, gangar jikin da sunan Ketu. Tun ranar yake bin rana da wata da gaba, in ya cim musu ya haɗiye, su kuma su fice ta yankakken wuya. Kada mu yi saurin murmushi, mu da aka tashe mu da dare muna buga gwangwani wai rana ta kama wata. A lissafi kuwa Rahu da Ketu abu ne na gaskiya: mahaɗai biyu ne inda hanyar wata take gitta hanyar rana, kuma husufi ba ya faruwa sai a kusa da su. Suna zagaya sama sau ɗaya a shekara 18 da wata bakwai. Masu fancang sun san inda Rahu yake a kowace rana, suna ma rubuta shi.

To ga tambayar da na yi wa kaina a barandar nan, na kuma nemi amsarta daga baya: mene ne haɗin Rahu Kalam da inda Rahu yake? Babu. Ko kaɗan babu. Ga yadda ake fitar da shi. A ɗauki yini daga fitowar rana zuwa faɗuwarta a raba takwas, kowane kashi kusan awa ɗaya da rabi. Litinin a ba Rahu kashi na biyu, wato bakwai da rabi zuwa tara idan rana ta fito ƙarfe shida. Asabar na uku, Juma'a na huɗu, Laraba na biyar, Alhamis na shida, Talata na bakwai, Lahadi na takwas. Shi ke nan. Ba a ɗaga kai a dubi sama, ba a buɗe jadawalin taurari. Ko Rahu yana gabas ko yana yamma, ko yana bisa kai ko yana ƙarƙashin ƙasa, Litinin bakwai da rabi tasa ce. Yaron da ya iya raba goma sha biyu gida takwas ya gama aikin. An ɗauki sunan wani abu na sama an liƙa wa jadawalin da ba ya kallon sama, kamar a rubuta sunan likita a kwalbar da mai tallar magani ya cika da ruwan rijiya.

Mako mai kwana bakwai kuwa ba abin sama ba ne. Yini daga juyawar ƙasa yake, wata daga wata, shekara daga rana. Mako ƙidayar mutane ce. A Indiya ma baƙo ne da ya iso daga yamma: rubutun dutse mafi tsufa mai kwanan wata da ya ambaci ranar mako a ƙasar na shekara ta 484 ne. Ta yaya mahaɗar hanyar wata ta san yau Litinin ce?

Ba Rahu kaɗai ba ne. Akwai Yamagandam, shi ma awa ɗaya da rabi kullum, mai sunan ubangijin mutuwa. Su biyun sun cinye awa uku cikin goma sha biyu, rubu'in yinin mutum. Akwai Gulika, wanda aka ce abin da aka yi a cikinsa yana maimaituwa, don haka ba a jana'iza. Akwai karanar da suke kira Bhadra, ita ma abar gudu. A ɗaya gefen akwai sa'o'in alheri: an raba dare da yini muhurta 30, kowace minti 48, kuma wadda ta faɗo a tsakar rana, Abhijit, ita ce sarauniyarsu. Mutanen Gujarat da maƙwabtansu kuma suna da nasu jadawalin, Cogadiya, mai sunaye bakwai, daga Amrit mafi albarka zuwa Kal da Rog abin tsoro.

A nan ne kaya suke kwancewa. Ranar Juma'a, Rahu yana riƙe da goma da rabi zuwa sha biyu, Abhijit kuwa tana shiga sha biyu saura minti 24. Minti 24 ɗin nan albarka ne ko nahisa? Ranar Alhamis, ɗaya da rabi zuwa uku, ɗan Tamil ya rufe littafin ciniki don sa'ar Rahu ce, a daidai lokacin da jadawalin Cogadiya ya rubuta Amrit. Ranar Laraba ma akwai karon, sai aka ce Laraba ba ta da Abhijit. Kowane karo yana da faci, kowane faci yana da mai fassara shi, mai fassara kuma ba kyauta yake yi ba. Da a ce jadawalin mai sauƙi ne kuma ba ya karo da kansa, da kowa ya rataya shi a bango ya huta. Ruɗanin ne jarin sana'ar.

Ƙara da wannan. Tsakanin agogon Gana da na Indiya akwai awa biyar da rabi. Ɗan kasuwa a Kumasi ya buga waya Chennai ranar Litinin da takwas na safe su ƙulla sabon ciniki. A wajensa sa'ar Rahu ce, a wajen abokinsa ɗaya da rabi na rana, Rahu ya tafi tun tuni. Ciniki ɗaya ne. Rabinsa zai lalace, rabi ya yi albarka?

Na san amsar da ake bayarwa, dattijon ma ya ba ni ita da na tambaye shi ko bankinsu yana rufe ƙofa a wannan lokaci. Ya ce a'a, aikin da aka saba ba ya shiga, sabon abu kawai ake gudun farawa. Na ce masa, "Baba, a cikin awa ɗaya da rabin nan, mutum nawa suke buɗe sabon asusu a faɗin Indiya? Jirgi nawa yake tashi da wanda bai taɓa hawa ba? Jariri nawa ake haifa?" Ƙasa mai mutum fiye da biliyan 1.4, da a ce sa'ar tana cizo, da tabonta ya fito a littafin 'yan sanda da na asibiti da na kamfanonin inshora, waɗanda ba sa wasa da kuɗinsu. Ya yi dariya ya ce kakansa haka ya yi.

Wani zai ce, to mene ne naka a ciki? Al'adar mutane ce, ba ta cutar da kowa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma zan ba shi rabinsa. Wanda ya duba fancang don ya san ranar azuminsa na Ekadashi, tithi ta goma sha ɗaya, ko daren Diwali, ko ranar tuna mahaifinsa, ibadarsa yake yi, ba ni da ta cewa. Wanda ya tashi a Brahma Muhurta, kusan awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, don ya yi karatu da tunani, mu da muka san daɗin asuba ba za mu yi masa gardama ba. Ko awa gudan da kasuwar hannun jari ta Mumbai take buɗewa ranar Diwali don 'yan kasuwa su yi sayayyar buɗe shekara, biki ne, a bar su da bikinsu. Amma cewa wannan sa'a tana jawo asara waccan tana jawo riba ba ibada ba ce. Da'awa ce a kan abin da yake faruwa a duniya, da'awa kuwa ana gwada ta, tana kuma da farashi.

Farashin yana bayyana a ɗakin haihuwa. A biranen Indiya an san abin da ake kira tiyatar muhurta: iyali su je wajen mai duba ya zaɓar musu rana da minti, su zo su ce wa likita a wannan lokaci za a ciro jaririn, domin taswirar taurarinsa ta yi kyau. Ranar 22 ga Janairun 2024, da aka buɗe haikalin Ram a Ayodhya cikin wata muhurta mai daƙiƙa 84 kacal, jaridun ƙasar sun ruwaito mata masu ciki suna roƙon a yi musu aiki a ranar. Dubi abin da kyau. Wuƙa ce za a sa a cikin mace. Huhun jariri ne ake maganar ko ya nuna ko bai nuna ba. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne lafiyar uwa da ɗa, sai ga shi an miƙa alƙalamin ga wanda bai taɓa riƙe almakashin tiyata ba. Ko a ma'aunin masu duban ma akwai abin mamaki: idan sa'ar haihuwa ce take rubuta ƙaddara, kuma ana iya sayenta a asibitin kuɗi, ashe ƙaddara ta zama kayan masu hali, 'yar talaka da naƙuda ta kama a sa'ar Rahu sai ta haifi nata haka nan.

Farashin yana bayyana a aure. Watanni sukan wuce babu ranar da aka yarda a ɗaura, sannan a tara dubban bukukuwa a 'yan kwanaki, kuɗin zauren biki da na masu dafa abinci ya yi tashin gwauron zabi, uban amarya ya ci bashi. Mafi muni, yana bayyana a zargi. Idan abu ya lalace bayan an kiyaye sa'a, ba a cewa sa'a ta yi ƙarya, sai a nemo wanda ya zo da ƙafar nahisa, sau da yawa kuwa amarya ce. Idan ya yi kyau, sa'a ce ta yi aiki. Sana'ar da riba tata ce, asara ta wani, ba ta taɓa karyewa.

Kada wani ya ɗauka baƙo ne daga zango ya zo yana koya wa Indiyawa hankali. Sun riga ni, kuma sun biya abin da ban biya ba. A 1952 gwamnatin Nehru ta kafa kwamitin gyaran kalanda ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha. Suka tarar da kalanda kusan 30 suna aiki a ƙasar, biki ɗaya yana faɗowa a ranaku dabam dabam. Suka kuma nuna cewa tsohon lissafi ya zame: bikin Makar Sankranti, wanda ake dangantawa da juyowar rana zuwa arewa, ana yin sa 14 ko 15 ga Janairu, alhali rana tana juyowa tun 21 ko 22 ga Disamba. Aka fitar da kalandar ƙasa ta Saka, ta fara aiki 22 ga Maris 1957, kuma har yau wata cibiyar gwamnati a Kolkata tana buga fancang na ƙasa da lissafin zamani. Jama'a dai kowa ya ci gaba da na garinsu, shi ya sa a 2024 aka yi ta jayayya ko Diwali 31 ga Oktoba ne ko 1 ga Nuwamba. Wannan jayayya ba ta ba ni dariya ba, mu da muke sallar idi kwana biyu a unguwa ɗaya.

A 2001 hukumar jami'o'in ƙasar ta buɗe ƙofa a koyar da duban taurari a jami'a. Masana suka yi ca, cikinsu har da Jayant Narlikar, aka je kotun ƙoli, a 2004 ta ƙi hanawa. Narlikar bai tsaya ga surutu ba. A 2008, a birnin Pune, shi da abokan aikinsa suka tattara lokutan haihuwar yara 200, rabi haziƙai a makaranta, rabi masu naƙasar ƙwaƙwalwa, suka ba masu duba taswirorin suka ce su rarrabe. Sakamakon bai fi na mai jefa kwabo sama ba. Gwajin a kan sa'ar haihuwa aka yi shi, amma itace ɗaya ne da na sa'ar tafiya da ta ciniki. Cikin waɗanda suka shirya gwajin akwai likita Narendra Dabholkar, wanda ya yi shekaru yana neman a yi dokar hana damfara da sunan tsafi a jihar Maharashtra. Ranar 20 ga Agustan 2013 aka harbe shi a Pune yana tattakin safe. Bayan 'yan kwanaki gwamnatin jihar ta fitar da dokar. Dokar ba ta taɓa fancang ba, amma mutumin ya mutu ne a kan tambaya irin wadda na yi a baranda ina shan kofi. Tsarin mulkin Indiya kansa, tun gyaran 1976, ya sa raya tunanin kimiyya cikin wajiban ɗan ƙasa. Duk da haka a 2024 aka ƙaddamar da wani babban agogo a Ujjain, garin tsofaffin masana taurari, mai ƙirga yini da muhurta 30 yana nuna bayanan fancang. Kokawar tana nan, ba a tashi ba.

Saura mu, 'yan majalisar dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa a ranar, na san shi, ba ya ɗora kaya a mota zuwa Abijan sai ya je an buga masa ƙasa an ba shi sa'a. Akwai gidajen da har yau ake ɗari-ɗari da Larabar ƙarshen Safar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Manomin da ya ƙirga taurari don ya san lokacin shuka yana kan hanya, domin tauraro alamar yanayi ne, yanayi kuma shi yake kawo ruwa. Wanda ya ce kada ka fita ƙarfe takwas sai tara, ko da Larabci ya faɗa ko da Sanskrit, abu ɗaya yake sayarwa. Yanzu ma ba sai ka je Indiya ba. Finafinan da ake fassara mana sun cika da fandit yana buɗe littafi yana tsayar da ranar aure, manhajojin waya kuma suna fitar da sa'ar Rahu ta Kumasi da Yawunde da Njamena, ka ba su sunan gari kawai. Na gani da idona a wayar wani matashi mai cacar ƙwallo, yana jira ta wuce kafin ya zuba kuɗinsa. Na tambaye shi wane ne Rahu, ya ce shi dai an ce tana aiki.

Tara ta buga, dattijon ya miƙo makulli da hannu biyu, ya ɗauki jaka ɗaya da kansa ya shigar mana. Mun yi mako biyar a gidansa, matarsa tana dafa wa yayana abinci marar yaji ba tare da mun roƙa ba. Ranar da za mu taso Alhamis ce, motar filin jirgi za ta zo ƙarfe biyu. Tun safe yake bina yana cewa, "Ɗana, ku fita ɗaya da kwata, ku je can ku jira." Na duba fuskarsa na ga ba ciniki a ciki, tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda aka sayar wa kakansa shi kuma ya gada. Muka fita ɗaya da kwata. A filin jirgi, ƙarfe biyu daidai, na tsaya ina kallon allo: jirgin Delhi, jirgin Mumbai, jirgin Singafo, kowane cike da Indiyawa, suna tashi ɗaya bayan ɗaya.